Hoton tagwaye: Dabarar da ke mayar wa fure zurfinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen hanya ya kara wayarsa kusa da furen tumfafiya ya san takaicin da ke biyo baya. A ido, furen yana da tsakiya mai tudu kamar ɗan ƙaramin kambu, kewaye da kunnuwa biyar farare masu shunayya a baki. A fuskar waya kuwa sai ya koma tamkar zanen atamfa. Launi ya fito, siffa ta fito, amma ba ka iya cewa ga abin da ke gaba, ga wanda ke baya. Dalili shi ne da ido ɗaya aka ɗauki hoton, alhali mu da biyu muke gani.

Tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu ta babban mutum akwai tazarar kimanin santimita 6 da rabi. Kowane ido yana hango abu ta nasa ɓangaren, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa hotunan biyu ta fitar da nisa da zurfi. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Charles Wheatstone, shi ya bayyana haka a 1838 da wata na'ura mai madubai, kuma da zanen hannu ya yi gwajin, domin sai a shekarar da ta biyo baya aka sanar da duniya fasahar ɗaukar hoto. Da David Brewster ya ƙera tasa mai gilashi, aka nuna ta a babban baje kolin Landan na 1851, sai kallon hotuna biyu masu kama da juna ya zama abin yayi a gidajen Turai da Amurka. Su ne nake kira hoton tagwaye.

Mai karatu ya san jikar wannan na'ura ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar akwatin nan da ake zura wa faifan kwali a leƙa ta da ido biyu, irin wadda alhazai kan kawo wa yara tsaraba ɗauke da hotunan Makka da Madina. Asalin samfurin shi ne View-Master, wanda ya shiga kasuwa a Amurka a 1939. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wanda ya ƙirƙiro ta, William Gruber, yana yi mata kallon kayan karatu. A 1949 aka wallafa littafin masani Alexander H. Smith na Jami'ar Michigan a kan naman kaza, tare da faifai 33 na hotunan da Gruber ya ɗauka, kowane faifai da tagwaye bakwai. A fagen da kuskuren gane mai guba daga wanda ake ci kan kai mutum kabari, ganin kaurin abu da lanƙwasarsa ba ado ba ne.

Wahalar aikin tana ƙaruwa ne idan aka matso kusa. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke farawa da ita: tazarar da ke tsakanin hoton farko da na biyu ta zama kashi ɗaya cikin talatin na nisan abin da ake ɗauka. Idan fure yana nisan santimita 30, santimita 1 kacal za a gusa. Idan yana santimita 15, milimita 5. Babu kyamarori biyu na yau da kullum da za su matsu da juna haka, don haka kyamara ɗaya ake ɗorawa a kan ɗan layin ƙarfe, a ɗauka, a gusar da ita dama kaɗan, a sake ɗauka. Wanda ya zarce ƙa'ida zai ga furen ya miƙe kamar kakaki, idonsa kuma ya yi ciwo.

Sai kuma iska. Tsakanin hoto da hoto bai kamata komai ya motsa ba. Ganye ya kaɗa, ko ƙudan zuma ya sauka a ɗaya ya tashi a ɗayan, aiki ya lalace. Na gwada da waya a kan wata tumfafiya da ke bayan unguwarmu a lokacin hunturu, sai a karo na tara na samu tagwayen da suka dace. Da sanyin safiya, kafin iska ta taso, aka fi dacewa. Daga nan sai a daidaita hotunan a kwamfuta da manhaja irin su StereoPhoto Maker, wadda kyauta ce, a jera su gefe da gefe, ko a haɗe su a kalla da tabarau mai ja da shuɗi. Ba kowa ke ganin zurfin ba. Mai harara-garke ko wanda ido ɗayansa ya raunana yakan ga hotuna biyu kawai, kuma bai kamata a matsa masa ba.

Me ya kawo wannan zance ga ma'aikacin gwamnati? Cibiyoyin da ke adana samfurin tsirrai, kamar Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan da ta binciken magunguna da ke Idu a nan Abuja, suna bin hanyar da duniya ta gada: a danne tsiro tsakanin takardu, ya bushe, a manna shi a kwali. Hanya ce mai inganci, samfuri kan yi fiye da ƙarni bai lalace ba. Sai dai dannewar tana kashe siffar fure, launinsa kuma ya koɗe. A tumfafiya, alal misali, garin haihuwar furen ba a warwatse yake ba, yana ƙunshe ne cikin 'yan jakunkuna da ke maƙalewa a ƙafar ƙwaro idan ta zame cikin wata siririyar tsaga. Ɗalibin da bai ga tsagar da zurfinta ba, haddar bayanin kawai zai yi.

A ganina, ajiye tagwayen hoto kusa da kowane sabon samfuri ba ya buƙatar kwangila ko kwamiti. Kyamarar da ke ofis ta isa, sai layin ƙarfen da maƙerin Panteka zai iya haɗawa, da ma'aikacin da zai fita daji kafin ƙarfe bakwai na safe.