Idan Jinin Al'ada Ya Ɗauke Da Wuri

Mace ta saba yin kwana biyar tana fashin sallah, sai wani wata ta ga jini yau, gobe kafin la'asar ya ɗauke. A fiƙihun Malikiyya babu matsala, domin ko sau ɗaya jinin ya zubo haila ce, ta yi wanka ta koma ibadarta. Amma hankali ba ya kwanciya. Idan ta faɗa wa maƙwabciya, amsar da za ta ji ita ce: "Taruwa ya yi a mara, jiƙa kanwa ki sha ya fito."

Babu inda ya taru. Duk wata mahaifa kan yi shimfiɗa a cikinta domin tarbar ciki, idan bai shiga ba shimfiɗar ta saɓule ta fito tare da jini. Sinadaran da ke fitowa daga ƙwan mace su ke ƙaddara kaurinta. In ba ta yi kauri ba, abin da zai fita kaɗan ne. Ko a lafiyayyar mace, jinin wata guda yawanci cokali biyu zuwa uku ne na cin abinci, cikin kwana 2 zuwa 7. Wadda tun tana budurwa kwana biyu take yi, haka halittarta take. Abin lura shi ne canji.

Matar aure ta fara da awon ciki. Kwana 10 zuwa 14 bayan shigar ciki wasu kan ga ɗan jini ja-ja ko ruwan ƙasa, na yini ɗaya ko biyu, daidai lokacin da suke jiran al'ada. Ƙaramin ɓari ma haka yake farawa. Wanda ya fi ban tsoro shi ne cikin da ya zauna a bututun mahaifa maimakon cikinta: jini kaɗan a waje, ciwo mai suka a gefe guda na mara, wani lokaci har kafaɗa, ga jiri. Idan bututun ya fashe, jini zai riƙa zuba a ciki inda ido ba ya gani. Mai wannan hali asibiti za a kai ta a daren, ba a jira gari ya waye. Ku duba fa, macen da ke ɗauke da irin wannan ciki ita ake miƙa wa kanwa da jiƙe-jiƙe, alhali tsinken awon fitsari yana nan a kemis ɗin unguwa.

Magungunan tazarar haihuwa suna rage jini, musamman allurar wata uku, da ashanar da ake sawa a dantse, da ƙwaya. Aikinsu ke nan, suna hana shimfiɗar yin kauri. Mai shayarwa ma sinadarin da ke kawo nono yana danne na al'ada, sai ta dawo a tsittsinke. Haka 'yan mata a shekarun farko na balaga, da wadda ta doshi ɗaukewar al'ada, wanda galibi kan zo tsakanin shekara 45 da 55.

Damuwa ma tana taɓa shi. Rasuwa, rikicin gida, jarrabawa, doguwar jinya ko rama mai yawa, duk suna iya hana ƙwai fita a watan. Akwai cutar ƙullin wuya, wanda kumburinsa muke kira maƙoƙo. Idan aikinsa ya yi yawa, sai jini ya ragu, ga rama da bugun zuciya da zufa. Akwai kuma cutar da ake kira PCOS, mai zuwa da tsallaken wata, ƙuraje, da gashi a haɓa.

Dalilai biyu ba a cika zancensu ba, kuma sun shafi matanmu ƙwarai. Bayan wankin ciki, musamman in an yi ta maimaitawa ko ƙwayar cuta ta shiga, bangon mahaifa kan yi tabo ya manne. Likita Joseph Asherman ya yi bayaninsa a 1948, ake kiran ciwon da sunansa. Tarin fuka ma yakan sauka mahaifa ya yi irin wannan ɓarna. Na biyu kuwa macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ragu ko ta tsaya, kullum kasala. Wani ɗan ƙulli ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya lalace saboda rashin jini, mata kan yi shekaru ana cewa wahalar goyo ce.

Wata ɗaya, awon ciki ya nuna babu, babu ciwo, ana iya sa ido. Idan ya kai wata uku a jere, ko ana neman haihuwa, sai a ga likitan mata. A je da ranakun a rubuce, a kuma faɗa masa kowane magani ake sha, har na gargajiya da na mata da ake saye a gidan biki.