Sabon Katin Hoto, Amma Wasa Yana Tafiyar Hawainiya

Yaro yakan daɗe yana tara kuɗi ya sayi sabon katin hoto, ya sa a kwamfuta, sai wasa ya ci gaba da tsinkewa kamar dā. Kafin mu ce an cuce mu, mu leƙa bayan akwatin. Sau da yawa wayar HDMI tana nan a tsohon raminta, katin kuwa yana zaman banza. Sai mu mai da ita ramin katin. Bayan haka mu share tsohuwar manhajar direba, musamman in daga AMD aka koma Nvidia. Wuta ma abin dubawa ce, domin RTX 3060 yana bukatar akwatin wuta mai wat 550. In duk wannan daidai ne, wataƙila ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ta tsufa, ba ta iya ciyar da katin.