Morning Ko Picanto: Duba Inji Kafin Ka Biya

 Duk wanda ya taɓa kai raƙuma ko tumaki Sabha ya ga wata 'yar ƙaramar motar Kia da ke yawo cikin gari, an rubuta mata Morning a baya. To, ita ce dai wadda muka sani da Picanto a Kano da Yamai. Morning sunanta ne a gida Koriya ta Kudu, kuma da yake gwanjon motocin Koriya na shiga Libiya da yawa, sai take zuwa da sunanta na can. A Malesiya ma an taɓa kiranta Naza Suria.

Amma fa jama'a, suna ba ya gaya maka abin da ke cikin bonet. Ta farko, wadda ta fito a 2004, injinta mai fulogi huɗu ne, lita 1.0 ko 1.1, kuma bel ne ke juya taimin ɗinsa. Bel ɗin nan roba ne, yana da wa'adi. In ya tsinke ana tafiya, sai ka ji a aljihunka. A Turai an yi mai shan dizal, ita kuma silinda uku gare ta. Daga 2011 aka canza inji: lita 1.0 mai fulogi uku, da 1.2 mai fulogi huɗu, dukkansu da sarƙa maimakon bel. Cikin na Koriya akwai masu aiki da iskar gas, sai a lura.

Ni kaina na taɓa ƙonewa. Yarona da ke Sabha ya aiko in taho masa da kayan gyaran Morning, na saya a Kano ban tambayi shekararta ba. Da na isa, makanike ya dubi bel ɗin ya yi dariya, ashe tasa mai sarƙa ce. Kuɗi sun tafi.

Wajen shan mai kam ba ta da haɗama. A kan kwalta mai kyau, lita 5 zuwa 6 kan kai ta kilomita 100, tankinta kuwa lita 35 ne. Mai otomatik ta fi mai giyar hannu sha, haka nan in an kunna na'urar sanyi. Kada wani ya ce ai fetur araha ne a Libiya. A kudu gidajen mai kan ƙafe, sai an koma wajen 'yan bumburutu, a nan ake gane amfanin ƙaramin inji.

Sai dai a san matsayinta. Jakin cikin gari ce, daga masauki zuwa kara. Cikinta na kusa da ƙasa, yashi kaɗan zai riƙe ta. Hanyar Gatrun zuwa Dirku da Agadas a bar wa Hilux.

Ba ma sayen sa sai mun duba haƙoransa. Ita ma a buɗe bonet, a ƙirga fulogi, a tambayi shekara, sannan a yi ciniki. Allah Ya sa mu dace, Ya kai mu gida lafiya, amin.