Ƙanjamau da Ciwon Damuwa

Wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, sau da yawa damuwa ce ke fara kayar da shi: barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ko masallaci ya daina zuwa. Wannan ma ciwo ne, kuma likitoci na maganinsa.

Jita-jita ce ke rura wutar. Musabaha, cizon sauro ko cin tuwo a kwano ɗaya ba sa yaɗa cutar ƙanjamau, kuma ba shaidar fasikanci ba ce, tunda jariri ma kan ɗauka daga uwa. Mai shan magani kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya shafa wa matarsa.

Tun 2014 dokar Najeriya ta haramta korar ma'aikaci saboda cutar, ƙungiyar NEPWHAN kuma na haɗa masu ɗauke da ita su ƙarfafi juna.