Wa Ke Sakin Iskar Da Duniya Ta Haramta?

A shekarar 1987 aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal, inda ƙasashe suka amince a daina sarrafa sinadaran da ke cinye lulluɓin ozon, wanda ke tare hasken rana mai jawo sankarar fata da yanar ido. Cikinsu har da CFC-11, iskar da tan ɗayanta ke ɗumama duniya fiye da tan 4,000 na hayaƙin kabon. Zuwa 2010 an haramta sarrafa ta a ko'ina, rahotannin da gwamnatoci ke aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suka nuna an daina.

Sai dai iska ta ƙi gaskata takarda. Stephen Montzka da abokan aikinsa a hukumar NOAA ta Amurka sun daɗe suna auna iskar da ake ɗebowa daga tashoshi masu nisa da birane. CFC-11 tana raguwa shekara bayan shekara, amma bayan 2012 saurin raguwar ya faɗi da kusan rabi. Lissafin da suka wallafa a mujallar Nature a watan Mayun 2018 ya nuna ƙarin kusan tan 13,000 da ke shiga sararin sama duk shekara. Babu ƙasar da ta ce nata ne.

Masanan suka bi hanyar da ma'aikatan lafiya ke bi idan annoba ta ɓulla. A Kano, tun 2011 ake ɗibar ruwan kwatami a gwada shi don gano ƙwayar shan inna; ruwan kan nuna cutar tana gari ko da ba a ga yaron da ya kamu ba, daga nan sai a taƙaita nema zuwa unguwannin da magudanar ta ratsa. Haka aka yi da iska.

Da farko aka tace waɗanda ake zargi. Ko tsofaffin firji da gine-ginen da ake rushewa ne ke fitar da ragowar da ke cikinsu? Wannan taskar kullum raguwa take yi, da wuya ta yi tashin farat ɗaya. Ko kaɗawar iska a can sama ce ta sauya? Ta taka rawa, amma lissafi ya nuna ba ta isa ta cike giɓin ba. Abin da ya rage shi ne wani yana sarrafa sabuwa.

Sai batun wuri. Tazarar da ke tsakanin yawan CFC-11 a arewacin duniya da kudancinta ta ƙaru, alamar tushen yana arewa. Tashar dutsen Mauna Loa a Hawayi ta ƙara haske: duk sa'ad da CFC-11 ta ƙaru, takan zo tare da wasu gurɓatattun sinadarai da iska ke kwasowa daga gabashin Asiya.

A nan na'ura ta tsaya, tunanin ɗan kasuwa ya karɓa. Haja ba ta fita sai da mai saye, to wa ke buƙatar CFC-11, kuma me ya sa? Babban amfaninta shi ne kumbura soso mai tauri da ake cusawa a bangon firji da gine-gine don tare zafi da sanyi, kuma ƙasar Sin ce kan gaba a wannan sana'a. Masu binciken ƙungiyar kare muhalli ta EIA suka tuntuɓi masu wannan harka, a watan Yulin 2018 suka bayyana cewa kamfanoni 18 a larduna 10 sun amsa suna amfani da ita. Dalilinsu na aljihu ne: ta fi halastaccen madadinta araha, sosonta kuma ya fi kyau. Jaridar New York Times ma ta bi sawun har garin Xingfu a lardin Shandong.

Maganar baki ba ta isa hujja ba sai an auna. A Mayun 2019 Matt Rigby na Jami'ar Bristol da tawagarsa suka fitar da sakamakon tashar Gosan a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu da ta Hateruma a Japan. Sun gano ƙarin kusan tan 7,000 a shekara daga gabashin Sin, musamman Shandong da Hebei, wato aƙalla kashi 40 cikin 100 na ƙarin da aka gani a duniya.

Hukumomin Sin suka shiga samame, suka rufe haramtattun masana'antu, suka hukunta masu su. Aka koma ga ma'auni, domin likita ba ya sallamar majiyyaci sai ya sake gwaji. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa a 2019 fitar iskar ta koma kusan inda take kafin 2013.

Ragowar ƙarin kuwa an kasa danganta shi da wani wuri, domin yankuna da yawa, har da mafi yawan Afirka da Kudancin Amurka, ba su da tashoshin awo irin na Gosan. Wannan shi ne darasi ga duk alkawarin rage hayaƙi da ake ɗauka a tarukan sauyin yanayi: a kafa ma'auni da ba ya hannun mai alkawarin, a binciki ribar da ke sa a karya doka, sannan a sake aunawa bayan an hukunta.