Wayar da ke kai saƙo daga tsakiyar daji

Dajin Baban Rafi yana yankin Madarunfa, kusa da iyakar Najeriya. Maharbi, idan ka yi nisa a cikinsa, salularka tana iya rasa rezo, domin eriyar kamfani ta yi maka nisa.

Akwai waya irin Thuraya, mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Ba ta bukatar eriyar ƙasa, sai dai sararin sama. Saboda haka ka fito daga ƙarƙashin itatuwa kafin ka aika. Tana kuma nuna daidai inda kake, ko da maciji ya sari wani.

Tana da tsada, amma ƙungiyarku tana iya haɗa kuɗi ta sayi ɗaya. Ku fara tambayar hukuma izini.

Kafin fita, cika batir, ka gaya wa iyalinka ranar dawowarka.