Sunan ƙani da na wa: Yadda iyaye ke neman dacewa tsakanin sunayen 'ya'yansu

Kwana bakwai kacal al'ada ta ba mahaifi tsakanin haihuwa da raɗin suna, amma abin da zai yanke a cikinsu shi jariri zai ɗauka har kabari. A haihuwar fari zaɓin kan zo da sauƙi, domin sau da yawa akwai kaka ko malamin da ake son a yi wa takwara. Haihuwa ta biyu ce ke zuwa da sabuwar tambaya a gidajen ma'aurata na wannan zamani, musamman a birane irin Abuja, Kaduna da Kano: wane suna ne zai zauna daidai kusa da na wansa ko yayarsa?

Mai ganin wannan sabon yayi ne da kafofin sada zumunta suka kawo bai dubi tarihi da kyau ba. Bahaushe ya daɗe yana ɗaure sunan ƙani da na wa. Abin da ya sauya shi ne igiyar ɗaurin.

Lissafi da tarihi

Tsohuwar hanya mafi shahara ita ce ta lissafi. Mahaifin da ke son kowane ɗansa ya amsa sunan Muhammadu yakan bambanta su da ƙidayar Larabci: Auwal ko Lawal na fari, sai Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, har zuwa Ashiru na goma. A gidan da aka bi wannan tsari, baƙo na jin sunan yaro ya san matsayinsa, ya san wanda zai fara gaisarwa.

Hanya ta biyu ita ce bin sahun tarihi. Gidan da aka fara da Abubakar, ana sa ran Umar ya biyo baya, sannan Usman da Aliyu, bisa jerin halifofi huɗu. A ɓangaren mata akwai Zainab, Rukayya, Ummu Kulsum da Fatima, 'ya'yan Manzon Allah (SAW). Wasu kuma sukan duba 'yan'uwantakar annabawa: ƙanin Musa ya zama Haruna, na Isma'ila ya zama Isyaku. Akwai kuma sunayen da ma'ana ta haɗa, kamar Bashir da Nazir, mai bushara da mai gargaɗi, ko Kabiru da Sagiru, babba da ƙarami.

Tagwaye su ne suka fi fito da al'adar fili. Hassan da Hussaini, jikokin Annabi, ba tagwaye ba ne. Kusan shekara guda ce tsakaninsu. Amma kusancin sunayen ya sa ƙasar Hausa ta keɓe su ga 'yan biyu, har aka samar da Hassana da Hussaina ga mata. Wanda ya biyo bayan tagwaye kuwa Gambo ne, kamar yadda Yarbawa ke kiran wanda ya biyo Taiwo da Kehinde da Idowu. Haka Tanko ke nuna namijin da ya zo bayan mata, Kande ko Delu macen da ta zo bayan maza. Duk waɗannan sunaye ba su da cikakkiyar ma'ana sai an dubi waɗanda suka riga yaron zuwa duniya.

Daga ma'ana zuwa amo

A yau kunne ne ke kan gaba. Iyaye matasa kan nemi sunayen da suka fara da harafi ɗaya, ko suka ƙare da sauti ɗaya: Amir da Amira, Jamil da Jamila, Hanan da Afnan da Jinan. Ba laifi ba ne; sunayen na da daɗin kira, kuma ma'anoninsu masu kyau ne. Hanan tausayi ne, Afnan rassan itatuwa, Jinan kuwa gidajen Aljanna.

Matsalar kan taso ne idan amo ya rinjayi ma'ana. Akwai iyayen da ke buɗe Alƙur'ani su tsinci kalma don kawai ta yi kama da sunan babban ɗansu, ba tare da sun tambayi malami abin da take nufi ba, alhali ba kowace kalma ce a cikinsa ta dace da suna ba. Wasu sun zo ne a ayoyin azaba. Rubutun boko kuma yakan ɓoye bambancin haruffan Larabci. Sunan Asiya, matar Fir'auna mai imani, da kalmar da ke nufin mai saɓo, duk da haruffa iri ɗaya ake rubuta su a boko. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya sauya wa wata 'yar Sayyidina Umar wannan suna na biyu, ya mayar da ita Jamila. Bahaushe ya ce suna linzami ne; linzami kuwa ba don ƙararsa ake sa wa doki ba.

Ruɗani a takardu

Akwai kuma illar da kakanni ba su sani ba. Yawancin Hausawa da sunan mahaifi suke cike gurbin suna na biyu. Idan aka samu Amir Sulaiman da Amira Sulaiman, ko Nasir da Nasira, harafi ɗaya ne ya raba su a rajistar makaranta, a katin asibiti da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Tun daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga masu neman rubuta jarrabawarta, kuma saɓanin harafi tsakanin takardu kan jawo zirga-zirgar gyara da rantsuwar kotu. A asibiti kuwa, musayar kati tsakanin yara biyu masu suna kusan ɗaya ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ko a cikin gida, uwa ta ƙwala kira daga madafa, yara biyu su amsa ko kowa ya yi shiru yana cewa ba shi aka kira ba. Mafi nauyi shi ne abin da ƙaramin kan ji idan ya girma: cewa sunansa inuwar na wani ne.

Haƙƙin dangi

Zaɓin kuma ba na ma'aurata kaɗai ba ne. Idan na fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, dangin uwa kan zuba ido a na biyu. Gidaje da dama sun sami mafita a al'adar alkunya: a yi wa yaro huɗuba da sunan kaka, a riƙa kiransa da laƙabi. Ta haka Abba ke samun ƙanwa Ummi, Walid ya samu Walida. An girmama manya, kunne ma ya samu abin da yake so.

Tarihin Sakkwato na da darasi a nan. A 1793 aka haifa wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tagwaye, namiji da mace. Namijin ya samu sunan Hassan kamar yadda aka saba, amma macen ba a kira ta da sunan 'yan biyu ba. Shehu ya raɗa mata Asma'u. Ita ce Nana Asma'u, malama kuma marubuciya, wadda ta kafa tsarin 'Yan Taru na ilmantar da mata, ta rasu a 1864.

Masu ƙanne da yayye za su zauna gida ɗaya shekaru kaɗan ne, daga nan aure da aiki su raba su. Kafin a raba goro da dabino ranar suna, ya kamata a kira sunan shi kaɗai, ba tare da na wansa ba, a ji ko zai iya tsayawa da ƙafarsa.